Waƙar Jan Biro: Kwana Tara a Manila

Ba waƙa ce ta kai ni ƙasar Filifin ba. Ɗan ƙanwata ne ya kammala karatun aikin jinya a wata jami'a da ke kudancin birnin Manila. Mahaifinsa ya rasu tun yaron yana aji uku na sakandare, uwarsa kuma ciwon gwiwa ya sa ko Kaduna ba ta iya zuwa, balle zaman jirgi na yini da kwana. Aka yi zaman gida aka ce ni ne babba, ni zan je in tsaya masa ranar bikin yaye su. Na ce to da baki, a zuci kuwa ina ta lissafi, don kuɗin tikitin da aka faɗa mini ya kusa kai mutum Umara.

A ofishin jakadancinsu na Abuja ake neman biza. Sun nemi takardar gayyata daga makaranta, bayanin asusun banki, tikitin dawowa da katin allurar shawara. Sau biyu na je, kuma laifina ne, don karon farko na baro katin a aljihun wata riga a Zariya.

Wata Litinin cikin watan Yuli na tashi. Daga Zariya zuwa Kaduna shingen jami'an tsaro biyu muka wuce, ba wanda ya ce mu sauka. Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, daga nan sai filin jirgin sama. Wajen awa bakwai zuwa Doha, aka yi jira, sannan awa tara zuwa Manila.

A Doha na fara shiga Filifin tun ban taka ƙasarta ba. Ƙofar da za mu shiga jirgi cike take da mutanensu masu komawa gida hutu: ma'aikatan jinya, masu aikin gida, direbobi, ma'aikatan otal. Kowa da jaka ta cika har zif ya ƙi rufuwa. Matar da ta zauna kusa da ni ta ce shekara uku rabonta da 'ya'yanta, ta buɗe leda ta nuna mini cakulan da turare da takalman yara. Ta ce sunan wannan pasalubong, kuma wanda ya dawo daga tafiya hannu rabbana ya ji kunya har ƙarshen shekara. Na ce mata mu tsaraba muke cewa, kuma kunyar iri ɗaya ce. Da jirgi ya dira a Manila sai suka kaure da tafi, wasu suna share hawaye.

Tun a kujerar nan na fara tuna Madam Lissafi. Waɗanda suka yi sakandare a Arewa daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 sun san zancen. Kuɗin mai ya zo, an buɗe makarantu fiye da malaman da ake da su, sai jihohi suka riƙa ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Gana da Filifin. Tamu 'yar Filifin ce, gajeriya, ba ta rabuwa da laima ko a tsakiyar rani, abin da ya riƙa ba mu dariya. Idan ta ba mu aikin aji sai ta zauna a tebur tana duba takardun jarrabawa, tana rera wata waƙa a hanci, ba kalmomi, sautin kawai. Muka laƙaba mata suna waƙar jan biro, don duk lokacin da muka ji ta mun san ana zabga wa wani sifili. Da tattalin arziki ya fara matsewa a tsakiyar shekarun 1980 sai suka watse, ita ma ta tafi, ba wanda ya sake jin ɗuriyarta. Sautin dai ya zauna mini a kai. Nakan tsinci kaina ina yin sa idan ina wanke mota.

Filin jirgin Manila yana ɗauke da sunan Ninoy Aquino, ɗan adawar da aka harbe a wurin ranar 21 ga Agusta 1983, yana saukowa daga jirgin da ya dawo da shi daga gudun hijira. Jami'ar shige da fice ta tambaye ni inda zan sauka da ranar da zan koma, ta duba takardar gayyata, ta buga hatimi. Ina fitowa waje wani zafi mai ɗanshi ya rufe ni, irin na Legas amma an ƙara masa gishiri. Ga ɗana nan a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, sannu da hanya," sannan ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa yana dariya. Ya ce haka yara ke gaida manya a nan, mano suke ce masa. Ban ƙi ba. Duk ƙasar da yaro ke sunkuyar da kai ga babba, baƙo bai yi nisa da gida ba.

Tsakanin filin jirgi da masaukina a unguwar Malate bai kai kilomita goma ba, amma sai da muka yi awa ɗaya da rabi. Wanda ya saba kuka da cunkoson Mararaba ya zo nan ya yi istigfari. A cikin cunkoson na ƙare wa jifni kallo, wato doguwar motar haya da asalinta jif ɗin sojan Amurka ne da aka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙara mata tsawo aka jera benci biyu suna fuskantar juna. Ado kam kamar motocin katakonmu na da, sai dai maimakon "Allah ya kiyaye" za ka ga hoton Maryamu ko sunayen 'ya'yan mai mota. Washegari na hau. A lokacin peso 13 ne mafi ƙarancin kuɗin mota, kuma sau da yawa babu kwandasta. Na can baya zai miƙa kuɗinsa, a yi ta miƙawa hannu da hannu har ya isa wurin direba, canji ma ya biyo hanyar ya dawo, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Na daɗe ina kallon wannan abu.

Ɗakin da na kama peso 1,800 ne a kwana, a lokacin da peso ɗaya ya haura naira 25. Ƙarami ne amma tsaf. Abu biyu suka ba ni dariya a daren farko. Na ɗaya, na yi ta fargabar na baro buta a gida, sai na tarar da wani moɗa na roba mai mariƙi a banɗaki. Tabo sunansa, kuma kusan babu gidan da ba shi, su ma da ruwa suke tsarki. Na biyu, da na tashi yin sallah na tambayi ɗana ina ne gabas, sai ya nuna mini, sannan ya ce, "Amma Kawu in ka kalli can ka ba wa Ka'aba baya." A Manila alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Shekara kusan sittin ina cewa gabas ina nufin alƙibla, sai da na zo ƙarshen duniya aka raba mini su. Agogo ma sun riga mu da awa bakwai, don haka kwana uku na farko idona biyu har asuba.

Abinci ne ya fi ba ni wahala. Kalmar farko da na haddace ita ce baboy, wato alade, domin yana cikin kusan komai, har abin da ka rantse kayan lambu ne zalla. A Malate akwai gidajen abincin Larabawa, amma tsada. Sai ranar Juma'a da muka je unguwar Kiyapo na ci na ƙoshi. Can ne Masallacin Zinariya yake, mai ƙubba ruwan gwal, wanda aka gina a 1976 don tarbar Gaddafi, shi kuwa bai ma zo ba. Masallacin ya zauna, Musulmin kudu, Maranao da Magindanao, suka kewaye shi da shaguna. Tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsa da babban cocin Kiyapo, ka ratsa masu sayar da kyandir sai ka faɗa cikin masu sayar da hijabi. Bayan an idar na sayi fastil, shinkafa da dagargajajjen naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, peso 25. Na ci uku. Wani dattijo mai jar hula ya ga babbar rigata ya zo muka gaisa, ya ce kafin Sifaniyawa su kafa mulkinsu a Manila a 1571, sarkin garin Musulmi ne, Raja Sulaiman. Ya faɗe shi da irin muryar da mutum ke nuna maka gonar kakansa da ta koma hannun wasu.

A gidan wani abokin karatun ɗana kuma aka yi mini miyar kaza da citta, tinola, aka rantse mini ba a kusantar da tukunyar da baboy ba. Na duba ganyen da ke yawo a ciki na ce wannan ai zogale ne. Suka ce malunggay. Wata miyar kuma mai tsami, sinigang, da tsamiya ake yin ta. Shinkafa dai safe, rana da dare, har na fara mafarkin tuwon dawa.

Bikin yaye ɗalibai ya yi kyau, ya yi tsawo, na ɗauki hotuna na tura wa uwarsa ta yi kukanta. Mun kuma zaga Intramuros, tsohon birni mai ganuwa da Sifaniyawa suka gina, wanda yaƙin 1945 ya ragargaza kusan duka, ban da cocin San Agustin da ke tsaye tun 1607.

Abin da ban shirya masa ba shi ne yawan waƙa. Mutanen nan waƙa suke kamar yadda muke gaisuwa. Mai gadi da bindiga a ƙofar shago yana rerawa, yarinya mai ba da canji tana rerawa, a lungu kuma za ka ga an fito da na'urar bidiyoke bakin titi, maƙwabta suna karɓa-karɓa da makirfo har tsakar dare. Nan na gane Madam ba wai mu take yi wa gatse ba. Haka jininsu yake.

Dare biyu kafin in taso, abokin nan na ɗana ya ce gwaggonsa mawaƙiya ce, za ta yi wasa a wani wuri a birnin Kezon, kuma iyalinsu duka za su je murnar gama karatu, har da kakarsu. Suna so in zo. Na tambayi ɗana, "Kai, ba mashaya za ka kai ni ba dai?" Ya ce, "Haba Kawu, gidan abinci ne, kiɗa kawai ake yi." Gaskiyarsa rabi ce. Abinci akwai, kwalabe ma akwai a kan tebura. Na zauna a ƙurya kusa da tsohuwar, aka kawo mini ruwan kalamansi, wani ƙaramin lemon tsami mai ƙamshi, na riƙe kofina. Kuɗin shiga peso 500 ne, ba su bari na biya ba. Wurin bai fi cin mutum sittin ba.

Sai in faɗi gaskiya, da mugun zato na shiga. An ce mini tana haɗa waƙoƙin gargajiya da jaz, wani salon kiɗa da ya samo asali daga Amurka, ni kuwa ina cikin masu murɗa rediyo idan aka ɗauko waƙar Shata aka cire kalangu, aka ɗora ta a kan fiyano, aka matse muryar yaro da na'ura har ta koma kamar ta sauro. A wurina haɗi sunan ɓarna ne da aka sa wa riga.

Makaɗa huɗu ne. Wani tsoho a kan fiyano, saurayi da jerin ganguna, mai busa saksofon, sai mai wani ƙaton goge da ake tsayar da shi a ƙasa, ya fi shi tsawo, ba ya goga shi sai dai ya riƙa tsinkar tsirkiyar da yatsu. A gefe an jera wasu ƙananan tasoshin tagulla guda takwas a kife kan katako, kowace da ƙullutu a tsakiya. Ita kuma ta fito ba wani ado, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, da zane irin saƙar kudu a kafaɗa.

Ta fara da muryarta kaɗai, ba kiɗa. Tsohuwar ta raɗa wa jikanta, shi kuma ya raɗa mini, cewa wannan kundiman ce, tsohuwar waƙar soyayya ta Tagalog, harshen mutanen yankin Manila. Takan fara da sautin makoki, a hankali, sai can tsakiya ta buɗe kamar hadari ya yaye. A zamanin tawayen da aka yi wa Sifaniya a 1896, masoyiyar da ake kuka a kanta a irin waɗannan waƙoƙi sau da yawa ƙasar ce da kanta, an dai sakaya don kunnen masu mulki. Ta kai baiti guda haka ita kaɗai. Sannan mai ƙaton goge ya shigo, dum, dum, dum, kamar mai tafiya a soro da dare. Mai ganga bai doka ba, wani abu kamar tsintsiyar waya ya riƙa sharewa da shi a kan fata. Waƙar ba ta canja ba, ƙasar da take takawa ce ta canja. Takan jinkirta kalma har ka ce ta makara, sai ta faɗo daidai inda ya kamata. Duk wanda ya taɓa sauraron yadda Ɗanƙwairo ke sakin magana a bayan kotso, 'yan amshi su cafe, ya san daɗin wannan jinkirin.

Ta biyu ta tashi gidan. Waƙar yara ce da kowane ɗan firamare ya sani, Bahay Kubo, a kan wata 'yar bukka da kayan lambun da ke kewaye da ita. Ba komai cikinta sai lissafi: gauta, gyaɗa, wake, kabewa, albasa, tumatir, tafarnuwa, citta, riɗi, har iri goma sha takwas. Ta sa aka yi ta da gudu, ta riƙa jefa sunan kayan miya ɗaya, mai saksofon ya mayar mata da busa, ta jefa wani, mai ganga ya amsa. Can sai ta bar kalmomi gaba ɗaya ta koma wasa da harshe, sautuka marasa ma'ana, tana bin busar kamar ita ma kayan kiɗa ce. Manya da furfura suna ihun sunan kabewa. Na yi dariya har na ƙware.

Da ta zauna gaban tasoshin tagullar nan ta ɗauki 'yan sanduna biyu, sai na gyara zama. Kulintang sunansu, na Musulmin tsibirin Mindanao ne, can kudu, kuma a al'adarsu mata aka fi sani da kaɗa su. Ina ji sai Barmani Choge ta faɗo mini, da ƙwaryar amada a kife cikin ruwa, mata sun kewaye. Sautin ba ɗaya ba ne, na tagulla ya fi zaƙi da tsawon amo, amma zaman ɗaya ne: mace a gaban abin da aka kifa, tana fitar da magana daga cikinsa. A nan na lura da wani abu da ya sauya mini ra'ayi. Tasoshin ba a kan ma'aunin fiyano aka ƙera su ba, akwai sautukan da in aka haɗa sai su yi karo. Tsohon mai fiyano bai tilasta musu ba. Ya janye hannunsa na dama kusan gaba ɗaya, ya riƙa taɓa biyu-uku can ƙasa, ya bar tagulla ta yi jagora. Baƙon kayan kiɗa ne ya rusuna wa na gida. A wurinmu akasin haka aka fi yi, kalangu ne ake mayarwa ɗan rakiya, ko a sallame shi a sa na'ura ta kwaikwaye shi.

Ba duka ne ya yi mini ba. Akwai inda mai saksofon ya kama hanya shi kaɗai kusan minti bakwai, ya hau ya sauka, har na manta wace waƙa ake yi, tsohuwar ma na ga ta buɗe jaka tana neman wani abu. Ta kuma yi waƙa biyu da Turanci waɗanda ko a otal ɗin Abuja za ka ji irinsu. Mutane sun tafa, ni dai na sha lemona.

Sai ta ce za ta rufe da wata daga tsibiran tsakiya, ta garin mahaifiyarta. Mai fiyano ya taɓa sau uku ko huɗu. Ta buɗe baki.

Waƙar jan biro ce.

Tsigar jikina ta tashi. Ban san lokacin da na fara bin ta a hanci ba, kamar yadda Madam ke yi, kamar yadda nake yi a gindin mota. Tsohuwar da ke gefena tana rera kalmomin a hankali, ta juyo ta dube ni da babbar rigata da hulata, ta kama hannuna ta riƙe har aka gama. Mawaƙiyar ta ja waƙar, ta lanƙwasa ta, ta bar wa mai goge fili ya yi nasa, amma duk inda ta zaga takan dawo kan hanyar da tsohuwa za ta iya bi. Ko sau ɗaya tsohuwar ba ta ɓace ba. Ni ma haka, da ban san kalma ko ɗaya ba.

Bayan an tashi ta zo teburinmu ta gaida mahaifiyarta, ta ɗora hannunta a goshi, sannan aka gabatar da ni. Na ba su labarin Madam. Ta ce sunan waƙar Dandansoy, da harshen Hiligainon ake yin ta, na wajen tsibiran Panay da Negros. Na ce me take cewa? Ta ce ban kwana ce. Mace ce take gaya wa wani mai suna Dandansoy cewa za ta bar shi ta koma garinsu, Payaw. In kewa ta dame shi, ya ɗaga kai ya dubi wajen Payaw. In kuma zai biyo ta, kada ya wahalar da kansa da guzurin ruwa, ya haƙa rijiya a hanya. Na yi shiru. Shekara huɗu muna zaune a gaban matar nan muna cewa mugunta take rerawa, ashe gida take tunawa, ita kaɗai a garin da ko teku babu. Tsohuwar ta dage lallai Madam 'yar Iloilo ce da ke tsibirin Panay, mutuniyarsu. 'Yarta ta ce ba dole ba ne, ai a makarantun ƙasar duka ake koyar da ita. Suka ɗan yi musu a kan matar da ba su taɓa gani ba.

Tsohon mai fiyano ya jawo kujera. Ya ce shekara ashirin ya yi yana kiɗa a jiragen ruwa da otal-otal na ƙasashen Larabawa, yana kaɗa waƙoƙin wasu. Shi ya warware mini yadda jaz ya zama kamar ɗan gida a wurinsu. Sifaniya ta yi shekara 333 tana mulkinsu, sannan a 1898 ta miƙa su ga Amurka a kan dala miliyan 20, Amurka ta riƙe har 1946. Da sojojinta da faya-fayanta kiɗan ya shigo. Zuwa shekarun 1920 gidajen wasan Manila sun cika da wani wasan dandali mai waƙa da rawa da suke kira bodabil, inda Katy de la Cruz ta yi suna har ake ce mata sarauniyar jaz ta ƙasar, makaɗansu kuma suka bazu zuwa Shanghai da Hongkong. Ya ce matsalar ita ce sun ƙware da kwaikwayo har duniya ta san su da shi, a ce Bafilifine zai yi maka muryar kowa ban da tasa. Shi ya sa tun shekarun 1950 wani mawallafin kiɗa, Angel Peña, ya fara ɗora sautin mutanen duwatsun arewa a kan jaz. Daga baya Bob Aves ya yi aiki da kulintang, Charmaine Clamor kuma, 'yar Subic da ke zaune a Amurka, ta fitar da faifai a 2007 ta kira salonta jazzipino. Mawaƙiyar ta ce ita ba ta damu da sunan da za a ba abin ba. Ma'auninta ɗaya ne, ta nuna mahaifiyarta da haɓa: in wannan ta daina bi, to an yi nisa, a dawo.

Sai ta mayar mini da tambaya, mu fa, akwai mai yin haka da namu? Na ambaci Bala Miller, wanda ya ɗora Hausa a kan kayan busa na Turawa tun muna yara, kuma ya yi kyau. Na ba ta labarin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Amma da ta ce waƙoƙin mata fa, na reno da na aiki, sai bakina ya yi nauyi. Waƙar niƙa ta tafi tare da dutsen niƙa ranar da inji ya shigo unguwa. Waƙar daɓe ta bi siminti. Gaɗa ma yanzu sai a bikin makaranta, an sa wa yara anko. Su sun rubuta nasu sun sa a littafin firamare, shi ya sa mutum sittin za su iya ihun kabewa tare. Na ce mata akwai, suna nan wurin tsofaffi. Ban ƙara da cewa tsofaffin suna ƙarewa ba.

Muna fitowa muka tarar sama ta ɓalle. Damina ce, kuma ruwan Manila ba ya sallama. Motar da ɗana ya kira ta manhajar Grab ta yi rabin hanya, direba ya tsaya ya ce daga nan sai jirgin ruwa. Titi ya zama kogi, leda da takalma suna yawo. Muka fake a rumfar wani shago fiye da awa ɗaya, da muka ga ba alamar sauƙi sai na naɗe babbar riga na ɗora a ka, na tattare wando, muka shiga. Ruwa har gwiwa. Wasu samari sun jera benci suna karɓar peso biyar-biyar a tsallakar da mutane, wani kuma yana tura keke mai akwati a gefe yana ɗaukar mata. Ɗana yana riƙe da hannuna yana cewa, "Kawu bi a hankali, akwai rami." Ƙarfe biyu da rabi na dare muka isa masauki. Takalmina na fata da na saya musamman don bikin, a kwandon sharar otal na bar shi. Mai gadi ya buɗe mana ƙofa yana rera wani abu.

Ranar ƙarshe na sayi tsaraba: busasshen mangwaro, 'yan gyale, da laima guda biyu masu naɗewa. Dawowa ba labari, barci na yi har Doha.

Ɗana ya ɗauki waƙar ƙarshen nan a wayarsa da izinin mai ita. Kwana biyu da isowata Zariya na tura ta zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, ban rubuta komai a ƙasa ba. Mu talatin da ɗaya ne a ciki, waɗanda suka rage. Aka yi kusan awa ɗaya shiru. Sai wani da ya yi ritaya daga kwastan, wanda bai taɓa cewa uffan a zauren ba sai ranar Sallah, ya turo saƙon murya. Ya bi waƙar a hanci tun daga farko har ƙarshe, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, ina ka samo wannan? Wallahi da ita aka ba ni sha biyu bisa ɗari."